Karaya ta ƙi ɗoruwa kuma ina da lupus, don Allah ku ba ni shawara

Maman Fa'iza, Tawa:

Assalamu alaikum ƴan uwa, barkanmu da war haka, ya zafi. Don Allah shawara nike nema wajen duk wanda ya san wani abu ko ya taɓa shiga irin halin da nike ciki. Shekarata 34, ina zaune nan Tawa, ina da ciwon nan lupus wanda garkuwar jiki ke juyowa tana yaƙar mai ita, a Yamai aka gano min shi bayan haihuwata ta biyu, tun sannan nike kan magani, Plaquenil kullum da kortizon wato prednisone, yanzu miligiram 10 nike sha da safe amma da can an kai ni har 40 lokacin da ciwon ya taɓa min ƙoda.

To santsi ne ya kwashe ni a bakin makewayi, faɗuwar ma ba wata babba ba ce, zaman dirshan kawai na yi ƙafa ta lanƙwashe ƙarƙashina sai na ji ƙas. Aka kai ni asibiti aka yi hoto, ƙashin ƙwauri ne ya karye sama kaɗan da idon sawu, bai fasa fata ba kuma bai goce sosai ba, suka ce ba sai an yi aiki ba, aka sa min siminti tun daga yatsu har saman gwiwa. Yanzu sati 7 ke nan, mun koma an sake hoto, layin karayar na nan ana ganinshi sarai, ɗan farin hazo ne kawai gefe da gefe. Lokotoron ya ɗaga hoton ya duba ya ce in ƙara wata guda kar in taka, shi ke nan, mutane sun cika layi bai samu ya yi min bayani ba, na dawo gida ina kuka cikin adaidaita.

Tun ranar gidanmu ba zaman lafiya. Inna, mahaifiyar maigidana, ta ce tun farko da an bi maganarta an kai ni wajen maɗori da yanzu ina tahiya da ƙafata, ta ce a fasa simintin a kira wani tsoho da ya gaji ɗori, kuma wallahi na san tausayina take ji don ita ke riƙe min yara ita ke ɗora tukunya. Wata maƙwabciyata kuma ta ce ta ji kortizon ne ke hana ƙashi haɗuwa, in aje shi har ƙafar ta warke sannan in koma. Ga zafin nan ƙafar na ƙaiƙayi ciki kamar in yi hauka, ga gaɓɓan hannuna sun fara kumbura saboda dogara sanda, da dare ban iya barci, an kawo min diclofenac daga kasuwa amma ban sha ba tukun.

Abin da nike son sani, shin masu irin ciwonmu ƙashinsu na ɗoruwa kuwa? In aje kortizon ɗin? Wane maganin ciwo zan iya sha? Kuma mi zan ci? Allah ya saka ma duk wanda ya amsa da alheri.

Majo Isa, Yamai:

Wa alaikumus salam Maman Fa'iza, sannu ƙwarai, Allah ya ba ki lafiya ya sa kaffara ce. Ni ma'aikacin jinya ne a sashen tiyata nan Yamai, ba lokotoro ba ne, amma irin naki na zo mana. Ƙashinki zai ɗoru in sha Allah, jinkiri yake yi, kuma bari in fara da abin da ya fi tsorata ni cikin maganarki.

Don girman Allah kar ki aje kortizon ɗin nan. Akwai wasu ƴan halittu biyu a saman ƙoda da ke yi ma jiki irin wannan sinadarin, in aka daɗe ana ba jiki daga waje wata da watanni sai su rage aiki, ranar da mutum ya yanke shi kwatsam tansiyo, wato ƙarfin bugun jini, na iya faɗuwa, ga amai ga kasala ga suma, har rai ana rasawa ta haka. Ban da wannan kuma lupus ɗin zai tashi, ke da kika ce ya riga ya taɓa miki ƙoda, in ya tashi miligiram 40 ɗin nan za a koma, kin ga ƙashin da ake son a taimaka shi zai fi shan wahala, don shi kanshi kumburin ciwon yana cin ƙashi. In za a rage, lokotoron da ke bin lupus ɗinki shi zai rage da kaɗan da kaɗan. Plaquenil kuwa ba ruwanshi da hana ƙashi haɗuwa, ki ci gaba da shi, ido kawai ake aunawa duk shekara in an daɗe a kanshi.

Amma maƙwabciyarki ba duka ta yi kuskure ba. Ƙashi abu ne mai rai, kullum akwai ƙwayoyin da ke rushe tsoho da masu gina sabo, kortizon yana kashe ma masu ginin gwiwa, yana hana hanji tsotse kalsiyom yadda ya kamata, yana kuma sa a zubar da shi cikin fitsari. Duk wanda ya wuce wata 3 yana sha, ko miligiram 5 ne, ƙashinshi na iya raguwa, sai ya zama kamar azarar da gara ta ci, waje lafiya ciki kuwa rarake. Shi ya sa faɗuwar bakin makewayi ta karya ki, mace mai shekara 34 bai kamata wannan ta karya ta ba, wannan kaɗai ya isa a ce ƙashin naki na neman magani nashi na kanshi, ba ɗaurin ƙafa kawai ba.

Batun lokaci kuma ki kwantar da hankali. Ƙashin hannu wajen wuyan hannu sati 6 ya kan yi, amma ƙwauri ko ga mai ƙoshin lafiya wata 3 zuwa 4 ne, wani har 6, balle can ƙasa kusa da idon sawu inda ba nama sai fata kan ƙashi, jini bai isa wajen da yawa. Farin hazon da kika gani a hoto shi ne sabon ƙashin da ke tsirowa, da farko taushi gare shi sannan ya yi tauri, ganinshi a sati 7 alama ce ana aiki ciki. Ba a fara maganar ƙashi ya ƙi haɗuwa sai an kai wajen wata 6, ko an yi hotuna a jere wata da wata ba abin da ya ƙaru, ko sannan ma akwai aikin da ake yi a sa ƙarfe.

Diclofenac ɗin nan ki mayar. Shi da ibuprofen da danginsu suna wahal da ƙoda, in aka haɗa su da kortizon suna ƙwaƙule ciki har ya yi jini, kuma lokotorori da yawa ba su son a daɗe ana shansu lokacin da ƙashi ke ɗoruwa. Paracetamol za ki iya, giram 1 sau 3 a rana da tazarar awa 6 aƙalla, kar ki wuce. In bai isa ba ki faɗa ma lokotoro ya rubuta miki wani, ban da tramol na ƴan tebur.

Abu guda da ban ji kin ambata ba, an ba ki allurar hana jini daskarewa? Ƙafar da ke cikin siminti ba ta motsi jini na iya yin gudaji cikin jijiya, kuma wasu masu lupus jininsu ya fi saurin haka, akwai awon jini na musamman da ke nuna shi. Ki tambaya ko kina cikin waɗanda ya kamata a yi ma wannan allurar, Lovenox. In kika ji sha-raɓar ƙafa ta ɗaure tana zafi, ko cinya ta kumbura, ko numfashi ya yi miki wuya ko ƙirji ya soke ki, ko yatsun sun yi sanyi sun canza kala ba ki jinsu, ko wari na fitowa daga cikin simintin, to ko tsakar dare ne a kai ki asibiti. Kar ki jira zazzaɓi, kortizon na ɓoye shi. Ƙaiƙayi kuma kar ki zura tsinke ko kara, fatarki ta yi laushi yanzu, ƴar ƙwarzana kaɗan za ta zama gyambo inda ba mai gani, ki sa a riƙa yi miki fifita ta bakin simintin.

Ɗan Adar:

Salamu alaikum, ƙanwata Allah shi ba ki lahiya. Majo ka yi bayani mun gode amma ni gaskiya ban son yadda ku ma'aikatan asibiti ku ke rena ɗorin gargajiya. Kahin a gina asibiti ƙasar ga wa ke ɗora mutane? Ƙanena babur ya kada shi hanyar Kwanni ya karye a hannu, muka kai shi wajen maɗori a ƙauye, ya ja ya daidaita ya ɗaure da karare ya yi tohi, kahin wata biyu yaro shina noma, kuma abin da muka ba tsohon bai kai kuɗin hoto guda ba. Talaka in ya tahi asibiti hoto kuɗi, siminti kuɗi, ordonansi kuɗi, a ce ka dawo ka sake hoto, ina zai samu? Ita Inna ba ta faɗi haka don mugunta ba, abin da ta gani da idonta ne tun tana ƙarama. Ni dai ban ce a fasa siminti ba tunda an riga an sa, amma in wata guda ya cika ba canji, mi zai hana a gwada? Magani dai Allah ke bada sa'a.

Ramatu ƴar Bukoki:

Ƴar uwa sannu, na karanta naki sai da hawaye suka zubo min don na san daren nan da kike faɗi. Ni ba lupus gare ni ba, amosanin gaɓɓai ne wanda shi ma garkuwar jiki ke kawowa, poliyatirit, ina shan methotrexate sau ɗaya a sati da folik asid da kortizon kaɗan. Ni idon sawu na karya wajen sauka daga taksi, nawa ya goce sai da aka yi aiki aka sa ƙarfe da kusoshi. Ban da lokacin da aka ce min zan yi tun farko sai da na ƙara kusan rabinshi kafin a bar ni in taka, amma ga ni yau ina zuwa kasuwa da ƙafata, ina sallah a tsaye, ki riƙe wannan.

Abin da ya fi yi min amfani shi ne haɗa lokotorori biyun. Mai ƙashi ƙashi kawai yake kallo, mai amosani gaɓɓai da jini yake kallo, kuma ba lalle su haɗu ba. Na sayi kaye ƙarami, wato littafin rubutu, na rubuta duk maganin da nike sha da yawanshi, duk wanda na je wajenshi sai in miƙa mishi in ce don Allah ya rubuta ma ɗan uwanshi layi biyu. Ta haka ne lokacin aikin ba a tsai da min methotrexate ba, kuma aka ƙara min kortizon ta jijiya ranar tiyata don jiki ya jure, bayan nan aka koma yadda nike sha. Ke ma ki kira wanda ke binki a Yamai ki faɗa mishi kin karye, kar ki jira randebu, ki ɗauki hoton da waya a gaban taga ko farin bango mai haske ki tura mishi.

Ni bayan karayar an sa ni kan kalsiyom da bitamin D, sannan wata ƙwaya alendronate miligiram 70 sau ɗaya a sati, ana shanta da sassafe ciki ba komai da babban kofin ruwa, ba a kwanciya ba a cin komai sai bayan minti 30, in ba haka ba tana ƙona maƙogwaro, sai da aka tura ni aka duba min haƙora ma kafin in fara. Amma kar ki je farmasi ki saya don na faɗa, ke kina da zancen ƙoda kuma ƙila kina son ƙarin haihuwa, duka biyun sai an duba kafin a ba mace ita. Bitamin D ɗin dai ki matsa a kai, mutane na cewa ai rana ta ishe mu a Nijar, alhali ku masu lupus an hana ku shiga rana, ga mu cikin hijabi, ga ki yanzu kwance a ɗaki.

Zancen hannu, sandunan nan na hammata azaba ne ga mai ciwon gaɓɓai, ni sai da yatsuna suka kumbura ban iya riƙe cokali. Wani mai walda a Katako ya ƙera min abin dogarawa mai ƙafa huɗu, muka naɗe wajen riƙon da soso da tsumma, sai nauyin ya rabu hannu biyu. Makewayi kuma aka samu kujerar ƙarfe aka fasa tsakiyarta ana ɗora ta kan ramin, aka kafa ƙarfe a bango inda zan kama, aka shimfiɗa buhu a ƙasa saboda santsi, ki sa maigida ya yi miki wannan yau ba gobe ba don faɗuwa ta biyu ita ce abin tsoro. Wanka a zaune, ƙafar cikin leda an ɗaure bakin, a ɗora ta kan bokiti.

Ranar da za a cire simintin kar ki firgita, ƙafar za ta fito siririya fata na saɓulewa, gwiwa da idon sawu sun sandare. Ruwan ɗumi da man kaɗanya, kar ki kankare. Ki nemi kine, wato ma'aikacin asibiti mai motsa gaɓɓai, ko zama kaɗan ne ya koya miki motsin sai ki ci gaba a gida, tun yanzu ma ki riƙa motsa yatsun kina ɗaure tsokar cinya kina saki, ki ɗora ƙafar kan matashi ta fi ƙugu tudu. Wani abu kuma, in kin fara takawa kika ji ciwo a makwankwaso ko cikin ƙugu wanda bai tafiya, ki faɗa da wuri, kortizon da lupus na sa kan ƙashin cinya ya rasa jini.

Kuka kuwa ki yi abinki. Mai ciwo irin namu ya riga ya gaji da jin "ai ga ki garau", sai ga karaya ta zo kowa na ganin siminti yana sannu, amma gajiyar da ke cikin jiki ba mai gani. Ki samu mutum ɗaya da za ki riƙa faɗa ma gaskiyar yadda kike ji.

Majo Isa, Yamai:

Malam Ɗan Adar wallahi ba reni ba ne, ni ma kakana maɗori ya ɗora shi, kuma maganar kuɗi gaskiya ka faɗa. Ƙanenka matashi ne mai ƙarfin ƙashi, karayar da ba ta goce ba in aka hana ta motsi Allah ya halicce ta tana haɗuwa, ko da kara aka ɗaure ko da siminti. Ita wannan baiwar Allah hali nata daban. Ɗori sai an ja an murza, sabon ƙashin da ya yi sati 7 yana tsirowa taushi gare shi, ja ɗaya zai raba shi a koma farko, kuma ƙashin da ke kewaye ma ba ƙwari gare shi ba. Fatar mai shan kortizon siririya ce, karare da igiya na cinta, wani kuma ya yi tsaga ya shafa magani, ita da garkuwarta an danne ta da magani ƙwayar cuta ta shiga ƙashi shekaru ake yi ana fama. Abin da ya fi ƙona mana rai a sashenmu shi ne ɗaurin da ya matse jini ya tsaya, a kawo yaro hannu ya yi baƙi ba abin da ya rage sai yankewa. Ga jiƙe-jiƙen da ake haɗawa da shi a ce a sha, mai ciwon ƙoda bai san abin da ke ciki ba.

In wata ya cika ba canji, abin yi shi ne a nemi ganin lokotoron ƙashi a sake dubawa, ko nan Yamai, babban asibitin ƙasa da Referans da Lamorde, ko Galmi da ke jiharku tsakanin Kwanni da Madawa, tun 1950 asibitin nan ke aiki kuma ana tiyata can. Tofi da addu'a kuwa ba wanda ya hana, tsohon ya zo gida ya yi a kan simintin.

Hajiya Mai Fura:

Ɗiyata Maman Fa'iza sannu da jiki, Allah ya tashi kafaɗunki. Ni ban yi boko mai zurfi ba, jikata ke rubuta min, amma na yi jinyar ɗiyata mai irin ciwon nan naki shekara da shekaru, abin da lokotorori suka koya mana na abinci shi zan faɗa miki.

Ke da ke Tawa ai kina tsakiyar arziki. Nono da kindirmo da cuku duk ga su, an ce mana kofi ɗaya babba na madara na da kalsiyom wajen miligiram 300, babba kuma na son wajen 1000 a rana, to ki lissafa. Sai dai sharaɗi, madarar a tafasa ta, kar ki sha ɗanyen nono daga ƙwarya yadda muka saba, don akwai cututtukan dabbobi da ke bin madara kuma jikinki yanzu bai da ƙarfin karewa, ki sa a yi miki kindirmo a gida da dafaffiyar madara ko ta gari. Miyar kuka, zogale ko a dambu ko kwaɗo, riɗi, wake, ƙwai, sardin na gwangwani ki tauna har ƙayar. Nama ko kaza in an samu, don ƙashi ba kalsiyom kaɗai yake so ba har da abinci mai gina jiki, amma tunda ciwon ya taɓa ƙoda ki tambayi lokotoro iyakar naman da za ki ci. Romon ƙafar sa da kowa zai kawo miki ki sha don daɗi da albarkar zumunci, amma kar ya hana ki nono.

Gishiri da magi a rage sosai, kanwa ma haka, kilishi da cukun da aka cika ma gishiri kaɗan kaɗan, kortizon na riƙe ruwa yana hau da tansiyo. Sukari ma a fura da shayi ki ja baya, maganin na ɗaga sukarin jini, sukari kuma in ya hau ciwo bai warkewa da wuri. In maigida na shan taba ya fita waje da ita.

Sallah ki yi a zaune, alwala ki shafa kan simintin da hannu mai ɗan danshi, malamai sun ce ya halatta, kar shaiɗan ya sa miki waswasi.

Inna kuwa kar ki yi gardama da ita, kuma kar ki bari maganar ta zama tsakaninki da ita, ɗanta ne zai yi mata magana. Ranar komawa asibiti ku tafi da ita, a ɗaga hoton farko da na biyu ta ga hazon da idonta, ki roƙi lokotoron ya yi mata bayani da Hausa ko minti biyu ne. Sannan ki ce mata an ce nono da miyar kuka da zogale ne maganin, kuma ba wanda ya iya su kamarta. Tsohuwa so take a ce da hannunta cikin warkewarki, ki ba ta wannan.

Maman Fa'iza, Tawa:

Jama'a ban san bakin da zan gode muku ba, Majo, Anti Ramatu, Hajiya, har da kai Yaya Ɗan Adar, Allah ya biya ku ya jiƙan mahaifa. Maigida ya karanta duka, jiya ya kira lokotoron da ke bina a Yamai muka tura mishi hotunan ta WhatsApp. Ya ce kar in taɓa kortizon, ya sa a yi min awon ƙoda da fitsari da sukari nan Tawa, ya rubuta bitamin D da kalsiyom, kuma ya ce allurar jinin a fara ta in awon ƙodar ya fito lafiya. Diclofenac an mayar. Mai walda ya zo ya auna makewayi. Inna ta yarda za ta raka mu, tsohon kuma zai zo ya yi addu'a kawai, Babban Yaya ne ya shawo kanta.

Saura abu guda, lokotoron na son in zo Yamai bayan hoto na gaba ya gan ni shi da mai ƙashi. Ya zan yi da doguwar hanyar nan cikin kar, wato babbar motar haya, da ƙafa a miƙe? Anti Ramatu ko Majo akwai dabara?

Majo Isa, Yamai:

Alhamdu lillahi, haka ake so. Hanya kilomita 500 da wani abu ce, yini guda, zama mai tsawo kuma shi ke kawo gudajin jini, don haka ki faɗa ma lokotoron ranar tafiyar tun da wuri ya tsara miki allurar. Ku sayi kujera biyu ko uku a jere ki zauna a karkace ƙafar na kan kujera da matashi ƙarƙashinta, kar ta yi lilo a ƙasa, ku je tasha tun jajibiri ku yi magana a ba ku kusa da ƙofa. Ki riƙa motsa yatsu da ɗayar ƙafar duk bayan ɗan lokaci, in an tsaya Kwanni ko Dogon Dutsi ko Doso a taimaka miki ki miƙe ko da jikin mota ne. Kar ki ƙi shan ruwa don gudun fitsari, mata da yawa na yin haka, ke ƙodarki ba ta son shi, ki tafi da mace da za ta kama ki da ƴar kujerar nan in ta shiga but. Ki zauna ɓangaren da rana ba ta bugu ko ki ja labule. Magungunanki cikin jakar hannu ba cikin kaya ba, ki sha na safe kafin ku tashi ko da biredi ne, ki ɗauko hotunan duka tun na farko da takardun awon da kayen da Ramatu ta ce. In ranar ta matso ki sake rubutowa nan in faɗa miki ƙarfe nawa ya kamata ku kama layi.